Gwajin Tsatsa A Kan Kayan Ƙarfe Masu Rufin Tutiya

Ana lulluɓe noti da ƙusoshi da sauran ƙananan kayan ƙarfe da tutiya, wato zinki, domin kare su daga tsatsa. Tutiya ta fi ƙarfe saurin ci idan laima ta taɓa ta, saboda haka ita ke fara lalacewa, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya tsira. Sai dai ƙyallin kaya ba ya nuna kaurin rufinsu, kuma ɗan kasuwa ko jami'in sayayya da ya karɓi masu siririn rufi shi zai ɗauki asarar.

Ma'aunin da duniya ta sani

Gwajin feshin gishiri shi ne mafi shahara. Ƙa'idar ASTM B117 ta Amurka, wadda aka fara fitarwa a 1939, da takwararta ISO 9227 sun tanadi a ajiye kayan cikin rufaffen akwati a zafin digiri 35 na Salshiyas, ana yi musu feshin ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100. Farin gari a jikin kaya alama ce tutiyar ta fara ci. Jar tsatsa kuwa shaida ce an kai ga ƙarfen. Bisa ƙa'idar ASTM B633, rufi mai ruwan ɗorawa zai jure sa'o'i 96 kafin farin garin ya bayyana, mai haske kuma sa'o'i 12.

Abin da za a iya yi a shago

A narka giram 50 na gishiri a lita ɗaya ta tataccen ruwa. A goge maiƙon da ke jikin samfuran, a rataye su da zaren leda cikin robar da ke da murfi, ba tare da sun taɓa juna ba. A haɗa su da wani samfuri da aka riga aka tabbatar da ingancinsa. A fesa musu ruwan safe da yamma, a rufe, a riƙa ɗaukar hoto da rubuta ranar da kowace irin tsatsa ta ɓullo.

Akwai kuma na'urar hannu mai aiki da maganaɗisu da ke auna kaurin rufi nan take. Matakan da ASTM B633 ta ware su ne maikiron 5 da 8 da 12 da 25. Kayan da za su sha ruwan sama suna buƙatar masu kauri.

Iyakar gwajin

Gwajin shago kwatanci ne kawai tsakanin kaya da kaya. Ba a mayar da sa'o'insa zuwa shekarun aiki, domin notin da zai daɗe a busasshiyar iskar Kano ba lallai ne ya daɗe haka a gaɓar tekun Legas ba. Idan saɓani ya taso da mai kawo kaya, sakamakon ɗakin gwaji da hukuma ta amince da shi ne kaɗai zai tsaya a matsayin hujja.