Gundumar Wolford a Kanada: Yadda Takardar Fili Ta Zama Takardar Asali

Tun da Shugaba Donald Trump ya fara nanata cewa gara Kanada ta zo ta zama jiha ta 51 a Amurka, na ga abokai da dama a nan Facebook suna tambaya: to mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Yawancinsu harshe ɗaya suke yi, kasuwa ɗaya suke ci. Amma 'yan Kanada suka ce atafau, har Sarki Charles ya taso takanas daga Ingila ya buɗe majalisarsu a watan Mayun 2025. Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin wata 'yar gundumar ƙauye, kuma ita nake so mu leƙa yau. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Sunanta Wolford, a lardin Ontario, kudu da birnin Ottawa, a bakin kogin Rideau. Ana furta sunan kogin "Rido", wato labule da Faransanci, saboda yadda ruwansa ke zubowa kamar labule a inda ya haɗu da kogin Ottawa. A 1998 aka haɗe gundumar da garin Merrickville suka zama ƙaramar hukuma ɗaya, mutanenta dubu uku da 'yan kai. Shi kansa sunan Wolford na gidan gonar gwamna John Graves Simcoe ne da ke Devon a Ingila.

Mu koma baya. Daga 1775 zuwa 1783 Amurkawa suka yi yaƙin ƙwatar kai daga Birtaniya, amma ba kowa ne ya bi 'yan tawaye ba. Akwai waɗanda suka tsaya kan mubaya'arsu ga Sarki George na Uku, su ne tarihi ke kira Masu Biyayya. Sun sha wuya a hannun maƙwabtansu. An ƙwace gonaki, an ɗaure wasu, wasu kuma aka shafe su da kwalta aka liƙa musu gashin tsuntsu aka zagaya gari da su. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Paris a 1783, masana sun ƙiyasta kimanin mutum 60,000 ne suka bar ƙasar. Mafi yawansu suka nufi Nova Scotia, wasu dubbai kuma suka yi arewa zuwa gabar kogin St. Lawrence.

A 1784 gwamna Frederick Haldimand ya sa safiyo suka yanka gundumomi a gefen kogin, aka zaunar da tsofaffin sojoji runduna-runduna. Mutanen Edward Jessup aka ba Edwardsburgh da Augusta da Elizabethtown, waɗanda ke tsakanin Wolford da babban kogin. Ƙuri'a ake jefawa, kowa ya zari lambar fulotinsa. Mai gida eka 100, kowane mutum cikin iyalinsa ƙarin eka 50, hafsoshi kuwa nasu ya ninka haka sau da yawa. Gwamnati ta ba su gatari da iri da abinci na 'yan shekaru. Ba a daɗe da yanke tallafin ba amfanin gona ya ƙi, aka shiga abin da har yau suke kira Shekarar Yunwa, wajen 1788 zuwa 1789.

To, ga inda maganar salsala ta shigo. Ranar 9 ga Nuwamba 1789 gwamna Lord Dorchester ya yanke cewa duk wanda ya shiga sahun Sarki kafin yarjejeniyar 1783 za a bambanta shi da sauran jama'a, shi da zuriyarsa, ta wajen uba ko ta wajen uwa. Za su iya rubuta haruffan U.E. a bayan sunansu, alamar haɗin kan daular. Kuma ba lambar girma kaɗai ba ce. Kowane ɗa idan ya cika shekara 21, kowace 'ya idan ta cika ko ta yi aure, tana da eka 200 kyauta, ba tare da kuɗin takarda ba. Eka 200 kusan hekta 81 ke nan.

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin da ake raba wani abu ya san abin da zai biyo baya. Da zarar an ce asali na kawo fili, sai kowa ya tuna kakansa. Saboda haka gwamnati ta buƙaci hujja. Mai nema zai rubuta takardar koke ya faɗi sunan mahaifinsa da inda yake zaune, ya je gaban majistare ya yi rantsuwa, a samu wanda zai shaida cewa shi ɗin ɗan wane ne. A 1796 aka umarci Masu Biyayya su zo su yi rajista bisa rantsuwa, daga baya kuma aka bi jerin ana goge sunayen waɗanda ba su cancanta ba. Tantancewa dai irin wadda muka sani.

Waɗannan fayil-fayil su ne yau jarin masu binciken salsala. Abin sha'awa shi ne yadda suka ceto sunayen mata. A wancan zamani mace na yin aure sunan gidansu ya ɓace a takarda. Amma 'yar Mai Biyayya da ke neman eka 200 dole ta ce ni ce wance, matar wane, 'yar wane. Layi ɗaya ya haɗa gida biyu. Wani manazarci, William D. Reid, ya bi irin waɗannan bayanai ya tattara su gida-gida, littafinsa ya fito a 1973, kuma har yanzu da shi ake fara bincike.

Me ya sa takardar fili ta fi ta haihuwa da ta aure amfani a nan? Domin sai a 1869 Ontario ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a hukumance. Kafin nan sai littafin coci, su kuma malaman cocin Methodist da ke yawo kan doki ƙauye-ƙauye doka ba ta ba su damar ɗaura aure ba sai a 1831. Dokar 1793 ta ce idan babu limamin cocin Ingila a tazarar mil 18, majistare na iya ɗaurawa. Kun ga mai neman kakanninsa a Wolford sai ya haɗa kan takardar fili, wasiyya, dutsen kabari, ƙidayar 1851, da littafin tarihin yankin Leeds da Grenville wanda Thaddeus Leavitt ya wallafa a 1879. Shi ma littafin sai an tace, don da yawan labaransa daga bakin jikoki aka ɗauko.

Yanzu su wa suka fara zama a bakin Rideau? Da filayen gabar St. Lawrence suka ƙare, sai aka fara kutsawa cikin daji ta arewa. Roger Stevens, mutumin Vermont wanda ya yi wa Birtaniya aikin leƙen asiri lokacin yaƙi, ya sauka a bakin kogin wajen 1790, ta ɓangaren gundumar Montague da ke tsallaken Wolford. Bai daɗe ba, ruwa ya ci shi a 1793. A wannan shekarar Stephen Burritt, shi ma tsohon sojan Sarki, ya kafa zango da 'yan uwansa a ƙasa kaɗan, wurin da har yau ake kira Burritts Rapids. Sai William Merrick, mutumin Massachusetts mai sana'ar kafa injin da ruwa ke juyawa. Shi ya ci gaba da aiki a magangarar ruwan da Stevens ya fara, ya gina injin yanka katako da na niƙa, gari ya taru a kewayensa ya ɗauki sunansa. A dajin da ba hanya, mai injin niƙa shi ne sarkin gari. Kuɗin farko da manomi ke gani kuwa daga toka yake fitowa: a sare itatuwa, a ƙona, a tace tokar, a dafa ta ta zama gishirin toka, a sayar wa masu sabulu da gilashi.

Sai dai akwai wani abu da masu alfahari da asali ba su cika son a taɓo ba. A 1791 aka raba ƙasar gida biyu, Kanada ta Sama da ta Ƙasa. Simcoe, gwamnan farko na Kanada ta Sama, yana neman jama'a ido rufe. A Fabrairun 1792 ya yi shela cewa duk mai son fili ya zo, muddin zai yi rantsuwar biyayya ga Sarki ya kuma noma wurin. Amurkawa suka yi ta kwararowa daga Vermont da New York da sauransu. Abel Stevens, ɗan uwan Roger, ya jawo iyalai da dama daga Vermont zuwa gundumar Bastard da ke yamma. Aka raɗa wa irin waɗannan baƙi suna Masu Biyayyar da Suka Makara, kuma sunan da zolaya a ciki, don da yawansu ƙasa mai araha ce ta kawo su. Kafin yaƙin 1812, mafi yawan mazauna Kanada ta Sama haifaffun Amurka ne ko 'ya'yansu, kuma 'yan gudun hijirar farko su ne 'yan tsiraru a cikinsu. Saboda haka idan gida ya ce kakanmu Mai Biyayya ne, mai bincike zai tambaya: yaushe ya iso, a wace runduna ya yi, sunansa na cikin jerin?

Yaƙin 1812 ne ya sauya komai. Amurka ta kai wa Kanada hari, aka yi ta gwabzawa har ƙarshen 1814, Birtaniya ta gane cewa hanyarta ɗaya ta kai sojoji da kaya daga Montreal zuwa Kingston ita ce St. Lawrence, kuma bindigogin Amurka na iya rufe ta daga tsallake. Sai aka yanke a buɗe wata hanyar ruwa ta cikin ƙasa. Laftanar Kanar John By na rundunar injiniyoyin Sarki ya fara aikin mashigin Rideau a 1826, aka buɗe shi a watan Mayun 1832: kilomita 202, da matakalar ruwa 47. Matakalar ruwa wani ɗaki ne na dutse mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ruwa ko a rage, jirgin ya hau ko ya sauka. Uku daga cikinsu a Merrickville suke, kusa da gidan tsaro mafi girma a duk tsawon mashigin, wanda yanzu gidan tarihi ne.

Ba a taɓa yaƙi a kan mashigin ba. Abin da ya kawo wa Wolford shi ne kasuwa da baƙi. Jiragen tururi suka riƙa wucewa da 'yan ci-rani, masaƙu da maƙeru suka buɗe a Merrickville, magina 'yan Scotland da leburori 'yan Ireland suka zauna suka auri 'ya'yan gidajen farko. Daga nan salsalar gundumar ta gauraye. Shi kuwa By, maimakon yabo sai aka kira shi Landan ana tuhumarsa da kashe kuɗi fiye da kima, ya rasu a 1836. Sansanin da ya kafa, Bytown, shi ne aka mayar Ottawa a 1855. Da jirgin ƙasa ya zo, harka ta koma Smiths Falls, Merrickville ya yi sanyi, kuma wannan sanyin ne ya bar masa tsofaffin gine-ginensa na dutse. A 2007 UNESCO ta sa mashigin cikin wuraren tarihi na duniya.

Akwai kuma waɗanda fayil bai ɗauka ba. Leburorin da suka haƙa mashigin da diga da shebur, 'yan Ireland da Faransawan Kanada, ɗaruruwansu zazzaɓin cizon sauro da haɗarin aiki suka kashe, da yawa an binne su ƙarƙashin alamar katako da ta daɗe da ruɓewa. Wasu Masu Biyayya sun zo da bayi baƙar fata. Dokar Simcoe ta 1793 ta hana shigo da sababbi, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannu ba, sai 'ya'yan da za a haifa idan sun kai shekara 25. A takarda, bawa yakan fito ne cikin wasiyya, a jerin dukiya. Baƙar fatar da suka yi wa Sarki yaƙi aka kai su Nova Scotia kuwa, rashin cika alkawarin fili ya sa kusan 1,200 suka hau jirgi a 1792 suka zo Saliyo suka kafa Freetown.

Mafi girma shi ne masu ƙasar na asali. Filin gabar St. Lawrence, wani Kyaftin William Crawford ne ya yi cinikinsa da shugabannin Mississauga a Oktoban 1783, a kan bindigogi da albarushi da tufafi. Gwamnatin da ke neman takardar rantsuwa kafin ta ba yarinya eka 200, ita ba ta da takardar wannan ciniki, sai wasiƙun Crawford. Kwarin Rideau kuma 'yan ƙabilar Algonquin sun daɗe suna koke cewa nasu ne kuma ba su sayar wa kowa ba. Sai a 2016 aka sa hannu a kan yarjejeniyar share fage da su, bayan fiye da shekara 200 ana kai ƙorafi.

Saboda haka idan kun ji ɗan Ontario na cewa ba za su zama Amurkawa ba, akwai tarihi a bayan maganar. Taken lardin da Latin yana nufin da biyayya ta fara, a kanta za ta dawwama, kuma kowace 19 ga Yuni suna tunawa da Masu Biyayya. Amma fayil ɗin Wolford ya nuna cewa wannan ƙin bai zo a jini ba. Jikokin wanda ya gudo don Sarki, da na wanda ya zo don fili, da na leburan da ya zo don lada, zaman wuri ɗaya da tsoron maƙwabci ɗaya ne suka mayar da su al'umma guda.

Mu da muke zaune da fayil kullum, mu lura. Akawun da ya rubuta sunan wata yarinya da na mahaifinta a 1800 aikin ranar kawai yake yi, bai san bayan shekara 200 wani zai zo neman kakarsa a wannan layi ba. Wanda kuma aka ƙi rubutawa, zuriyarsa na nan tana nema har yau. Allah ya sa mu riƙe amanar abin da aka ba mu ajiya. Mai ƙarin bayani ko gyara, bismillah.