Koyarwa Daga Nesa a Yamai da Tarihin Sa Ido a kan Ɗalibi

Muhawarar da ake yi a yau kan ko ya dace jami'a ta tilasta wa ɗalibi kunna kyamara a lokacin darasin intanet na kai tsaye, wato darasin da malami da ɗalibai ke haɗuwa a sa'a guda alhali kowa yana wurinsa, tana da tushe mai nisa a Yamai, domin birnin yana cikin wuraren farko a Afirka da aka raba malami da ajinsa ta hanyar na'ura.

A shekarar 1964, zamanin mulkin Diori Hamani, Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin da taimakon Faransa, saboda ƙarancin ƙwararrun malamai. Ana shirya darussan da Faransanci a Yamai, kuma daga 1966 aka riƙa watsa su zuwa makarantu kusan 20 da ke kewayen birnin. Tun da malamin da ke cikin akwatin ba ya ganin yaran, sai aka ajiye mai kula a kowane aji, galibi matashin da ya gama firamare ya sami ɗan horo, wanda aikinsa shi ne ya maimaita darasin da su, ya sa su amsa tambayoyi, ya kuma gane wanda aka bari a baya. Kyamara tana fuskantar malami ne kaɗai, duba ɗalibi kuwa amana ce a hannun mutumin da ke tare da shi.

Jami'ar Yamai, wadda ta fara a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka kuma raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992, ta bi wannan tsari sa'ad da ta shiga shirin koyarwa ta tauraron ɗan adam da Bankin Duniya ya ƙaddamar wa jami'o'in Afirka a 1997, inda ɗalibai ke taruwa a zaure guda suna bin laccar malamin da ke wata ƙasa, wutar lantarki da kayan aiki kuma suna wuyan hukuma.

Rufe makarantu a Maris na 2020 saboda annobar korona ne ya juya al'amarin, domin karatu daga gida yana ɗora wa ɗalibi kuɗin data, wanda hoton bidiyo ke cinyewa fiye da murya, da neman cajin waya a birnin da ya dogara da wutar Najeriya, kamar yadda yanke ta a Agusta na 2023 ya nuna. Haka kuma kyamarar takan shiga cikin gida, inda al'ada ta tsayar da baƙo a zaure, ta bayyana rashin mai rashi da sirrin matan gida.

Abin da wannan tarihi ke karantarwa shi ne, an fi tabbatar da halartar ɗalibi ta hanyar tambaya da amsa da aikin da ya gabatar. Saboda haka jami'ar da ke son ganin fuskoki ya wajaba ta fara tanadar ɗakunan karatu masu wuta da intanet, kafin ta mayar da kyamara sharaɗi.