Yadda Aka Gano Tunanin da Mai Shi Bai San Yana Yi Ba

Kimanin shekara dubu da suka wuce, a birnin Alƙahira, Ibn al-Haytham ya rubuta a littafinsa Kitab al-Manazir cewa ido shi kaɗai ba ya sanin nisan abu ko girmansa. Hankali ne ke aunawa ya yanke hukunci, cikin saurin da mai gani ba ya ma farga an yi wani awo. A 1867 masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya sake tayar da wannan magana, amma ta tsaya a hannun masu nazarin gani.

Wanda ya kai ta kunnen duniya shi ne Sigmund Freud, likita a Vienna. A littafinsa na 1901 ya ce suɓutar baki da mantuwar suna ba banza suke aukuwa ba, ɓoyayyen buri ne ke leƙowa. Magana ce mai jan hankali, sai dai hujjarsa labaran marasa lafiyarsa ne da fassarar da shi kansa ya yi musu, babu yadda wani zai gwada ya tabbatar. Masana a Amurka, tun daga John Watson a 1913, suka juya wa batun baya, suka ce abin da ido ke gani na hali kawai za su auna. Maƙaryata kuwa suka samu fili. A 1957 James Vicary ya yi iƙirarin cewa ya ƙara cinikin Coca-Cola a wani gidan silima na New Jersey ta hanyar walƙa kalmomi a allo. A 1962 ya amsa cewa ba shi da hujjar kirki.

Awo na gaskiya ya kankama a shekarun 1970. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka ba da rahoton gwajin da aka juya wa mutane faifan lambobi, wanda aka shirya ya tsaya kan 10 ko 65. Daga nan aka tambaye su: kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka? Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, waɗanda suka ga 65 kuma wajen 45. Lambar da ba ruwanta da tambayar ta ja hasashensu. Duk ɗan kasuwar da ke fara sa suna da tsada kafin mai saye ya taya ya daɗe da sanin wannan a aikace.

Gwajin da ya fi tayar da hankali shi ne na Richard Nisbett da Timothy Wilson na Jami'ar Michigan, a 1977. Sun jera safar mata ƙafa huɗu a tebur cikin wani kanti, suka roƙi masu sayayya su zaɓi wadda ta fi inganci. Duk iri ɗaya ne, babu bambancin ko zare. Amma ta ƙarshen dama ta samu masu zaɓa kusan ninki huɗu na ta ƙarshen hagu. Da aka tambayi dalili, kowa ya kawo nasa, wannan saƙa, wancan laushi, ba wanda ya ambaci wurin da aka ajiye ta. Da aka fito fili aka ce ko jerin ne ya ja su, kusan duka suka musanta, wasu har da yi wa mai tambayar kallon wanda ya zautu. Mutanen nan ba ƙarya suke yi ba, abin da ya sa sakamakon ke da nauyi ke nan: an riga an zaɓa, dalili ya biyo baya, mai shi kuma ya gaskata shi da zuciya ɗaya.

Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002, shekara shida bayan rasuwar Tversky. Sai dai ba duk abin da aka tara a fagen ne ya jure bincike ba. Gwajin John Bargh na 1996, wanda ya ce karanta kalmomin tsufa na sa matasa rage saurin tafiya, ya ƙi maimaituwa a hannun masu bincike a Brussels a 2012. Tasirin lambar farko na gwajin Tversky da Kahneman kuwa an sake gwada shi a 2014 a wurare 36 na ƙasashe daban-daban, ya fito da ƙarfinsa.