Aljani a Littafi, Laifi a Wuyan Ɗan Adam

A gefen garin Birnin Kudu akwai duwatsun da suka girmi duk wani littafi da aka taɓa rubutawa da Hausa. A jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da jan launi, wasu masu dogayen ƙaho, wasu gajeru, ba su da tozo irin na shanun da Fulani ke kiwo a yau. Kusa da su akwai faffaɗan duwatsu masu ƙananan ramuka da bugu ya lotsa, waɗanda idan aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su yi amo kamar kuge. Bernard Fagg na gidan tarihin Jos ne ya sanar da duniya labarinsu a tsakiyar shekarun 1950, har ya rubuta yadda amare da ƙawayensu ke zuwa Dutsen Murufu kafin biki. Mutanen gari kuwa ba su jira Bature ya gaya musu cewa wurin ba na wasa ba ne. A ƙasar Hausa, dutse da kuka da tsamiya da tsohuwar rijiya an daɗe ana ɗaukarsu mazaunin mutanen ɓoye, ana hana yaro zuwa can da tsakar rana ko da almuru. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa, ranar da ya buɗe littafin da ya haɗa kisan kai da aljanu da bokaye, ya zo ne da kunnen da ya riga ya san irin wannan labari, kuma da ma'aunin da yake auna shi.

Wannan ma'auni yana da tarihi, kuma kudancin tsohuwar ƙasar Kano na cikin wuraren da ya yi kauri. A wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa bayan saɓani a kan haraji, ya shiga duwatsun Ningi, kuma labarin da aka gada ya nuna cewa da abubuwan al'ajabi ya jawo mutanen dutse suka bi shi. Daga nan har zuwan Turawa, hare-haren Ningawa ba su bar garuruwan bakin daga irin Birnin Kudu da Gwaram sun yi barci da ido biyu rufe ba. Zamanin tsoro shi ke haifar da zancen layar zana da baduhu da maganin ƙarfe, kuma irin wannan zance ba a sa shi a sahun tatsuniya. Bahaushe ya raba biyun tun fil azal. Tatsuniya ta dare ce, ta Gizo da Ƙoƙi, kowa ya san ƙirƙira ce. Labari kuwa ana ba da shi ne a kan ya faru ko zai iya faruwa, saboda haka mai sauraro yana da ikon ya tsayar da mai bayarwa ya ce masa nan ka yi ƙari. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, wannan iko ne mai karatun Hausa ya ɗauko ya shigo da shi duniyar littafi, kuma hukuncinsa bai taɓa tsayawa a kan ko akwai aljani a labari ko babu ba. Abin da yake bincika shi ne a wuyan wa marubuci ya rataya laifin.

Shaida ta farko tana nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta fitar da littattafai biyar, kuma kusan duk sun taɓa ɗaya daga cikin abu biyun nan, wato gaibu da laifi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara sun kai mai karatu ƙasar aljanu, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo ya kai shi cikin ɓarayi. Jiki Magayi na John Tafida da East shi ne ya haɗa su wuri guda. Attajiri Malam Shaihu ya raba Abubakar da Zainab ya aure ta, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren, yaron ya zama ɓarawo har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Asiri ya ci, babu wanda ya musa a cikin labarin. To amma duk wanda ya kai ƙarshen littafin, ba boka yake tsine wa ba. Yana tuna mai kuɗin da ya ga dukiyarsa ta isa ta saya masa abin da ke hannun wani, da saurayin da ya bar ƙiyayya ta cinye masa rayuwa. Shekara casa'in ke nan ana karanta wannan littafi a makarantu, kuma abin da ya raya shi shi ne sihirin cikinsa makami ne kawai, hannun da ya riƙe makamin na mutum ne.

Idan aka kwatanta da Ingila za a ga bambancin a fili. A can, labarin jami'in bincike ya ginu ne a kan cewa duk abin da ya yi kama da aikin fatalwa, a ƙarshe za a gano dabarar mutum ce. Haka Conan Doyle ya yi da baƙin karen da ya firgita gidan Baskerville a 1902, kuma a 1929 Ronald Knox ya jera dokoki goma na wannan fanni, ɗaya daga ciki ta haramta shigo da gaibu cikin warware laifi. Ɗaliban makarantun kwana na Arewa, irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, sun tashi a zamanin da littattafan James Hadley Chase ke yawo hannu zuwa hannu, inda bindiga da kuɗi da cin amana ke tafiyar da komai. Daga cikin masu irin wannan karatu ne aka samu waɗanda suka koma rubutu da Hausa. Sun ɗauko saurin labari da iya ɓoye sirri har shafin ƙarshe, amma ba su ɗauko dokar Knox ba, domin ba ta da wurin zama a al'ummar da ta yi imani da samuwar aljanu a matsayin halittar Allah, da sura guda a Alƙur'ani mai ɗauke da sunansu. A wurin wannan mai karatu, marubucin da ya ce aljanin ƙarya ne bai burge shi ba, haka ma wanda ya ce aljanin ne ya yi komai.

Littattafan da suka biyo baya sun bi wannan turba. A So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito daga gasar kamfanin ɗab'i na NNPC a 1980, aljana ce ta shiga tsakanin Boɗaɗo da Yasir, amma haƙurin mace da juriyarta su ne ginshiƙin labarin. A Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, tsafi da ta'addanci sun haɗu a jikin Mailoma, kuma sunan littafin kaɗai ya isa ya nuna inda marubucin ya dosa. Da adabin kasuwar Kano ya kankama daga tsakiyar shekarun 1980, sai fannin ya yi rassa. Bala Anas Babinlata ya yi suna a labaran sarƙaƙiya da bincike, Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro suka shahara da labaran ban tsoro, Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya cika kasuwa da jarumai da matsafa. Daga shagunan Kano littattafan ke bin motocin hanyar Maiduguri su sauka a Birnin Kudu, su gangara Gwaram da ƙauyuka. Wanda ya san shagon hayar littattafai ya san kamannin littafin da ya karɓu: bangon ya yi laushi an ɗaure shi da salatif, kusurwar shafuka ta naɗe, wani ya rubuta sunansa a ciki wani ya soke, na ɗaya yana hannu ana jiran wanda ya ari na biyu ya dawo da shi. Wannan shi ne sharhin littafi na farko da talaka ya mallaka. Marubuta da yawa suna sa adireshinsu a bango, wasu har su buga wasiƙun masu karatu a kashi na gaba, don haka ra'ayin mai haya yana isa kunnen mai alƙalami kafin ya rubuta ci gaban.

Kalmomin da masu karatu ke yanke hukunci da su kaɗan ne, amma kowace tana da nauyi. Idan suka ce labari ya yi ƙarya da yawa, ba suna nufin ya kawo aljani ba ne, suna nufin aljanin ya karya ƙa'idar da marubucin da kansa ya kafa, yau ƙofa ta gagare shi gobe ya ratsa bango. Idan suka ce an yi musu yankan ƙauna, marubuci ne ya ƙulla sarƙaƙiya ya rasa hanyar kwance ta, sai ya aiko da mafarki ko wani tsoho mai farin gemu ya tona asirin mai kisa a shafi guda. Idan kuma suka tambaya ina darasin, suna neman su ga wanda ya je wurin boka ya biya farashin zuwansa. Duka ukun abu ɗaya suke karewa, wato kada gaibu ya zama mafakar raggon marubuci, kada kuma ya zama wankin mai laifi. Kishiyar da ta binne laya, ɗan siyasar da ya nemi kujera da jini, ɗan kasuwar da ya ba da ɗan'uwansa don arziki, su mai karatu ke bi da ido, domin su ne ya sani a zahiri.

Akwai masu ganin cewa duk wannan kare abin da bai cancanci kariya ba ne. Hujjarsu ta farko ta addini ce: littafin da ya nuna aikin boka yana ci, yana koya wa matasa dogaro da wanin Allah. Wannan damuwa, tare da zargin ɓata tarbiyya, na cikin yanayin da ya kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da matsin da Hukumar Tace Fina-finai ta yi wa marubuta a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim. Damuwar ba ta banza ba ce, amma ta haɗa ambaton abu da kira zuwa gare shi. Malamin da ke wa'azi a kan haramcin sihiri shi ma sai ya faɗi yadda masihirci ke ɓata aure. Bokaye ba littafi ne ya kawo su ba, suna nan kafin boko, kuma da yawa daga masu zuwa wurinsu ba su taɓa karanta ƙagaggen labari ba. Abin da littafi mai kyau ke yi shi ne ya bi mai zuwa wurin boka har gida, ya nuna sharaɗin da aka gindaya masa, da yadda buƙata ɗaya ke jawo goma, da yadda ƙarshen ke zama nadama. Wa'azi yana faɗin hukunci, labari yana sa mutum ya ɗanɗana sakamako.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma wajibi ne a karɓi rabinta. A garuruwa da ƙauyukan Arewa an sha jin an zargi tsohuwa ko baƙo da maita, an yi musu duka ko an kore su, wani lokaci har a rasa rai, duk da cewa kundin Penal Code da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya haramta jifan mutum da maita da kuma gwada shi ta hanyar azaba. Littafin da ya zana maye a siffar talakar tsohuwa mai jan ido, ya sa jarumi ya gane ta ta hanyar mafarki, jama'a su far mata a tafa musu, ya zuba fetur a wutar da ke cin bayin Allah. Irin wannan littafi ya cancanci suka mai zafi. Sai dai a lura, ma'aunin da ya kama shi da laifi shi ne dai ma'aunin masu karatu da na bayyana, domin ya ɗauke laifi daga inda hujja take ya ɗora shi inda zato yake. Maganinsa ba hana fannin ba ne. Maganinsa marubucin da zai sa mai bincike ya tambayi wa zai ci gādo idan an kori tsohuwar, wa ya fara yaɗa zancen, me likita ya gani a jikin yaron da aka ce an kama wa kurwa. Labarin da ya yarda da gaibu amma ya ƙi yarda da zargi ba hujja, ya fi kowace doka shiga zuciyar matashi.

Yau shagon haya ya ja baya, waya ta karɓi aikinsa. Ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana sauraron masu karanta shi a YouTube, kuma matar aure a Gwaram tana iya gaya wa marubuciya ra'ayinta a daren da shafin ya fito. Ikon mai karatu bai taɓa kai haka ba, kuma haɗarinsa ke nan, domin mai rubutu don a yaba masa gobe da safe yana iya ƙara jini da ƙarin aljanu a duk inda labari ya yi sanyi. Saboda haka nauyin ya koma kan masu karatu su riƙe gādon da suka samu daga zauren hira da shagon haya, su ci gaba da tambayar wa ya aikata, me ya sa, me ya same shi. Duwatsun Birnin Kudu sun shekara aru-aru suna da amo a cikinsu, amma ba a taɓa jin ɗayansu ya yi ƙara shi kaɗai ba, kuma ramukan da ke jikinsu shaida ne cewa hannu ne ya yi ta bugu. Marubucin da ya sa mai karatu ya ji amon, sannan ya juya da shi ya nuna masa hannun, shi ne wanda za a ɗaure bangon littafinsa da salatif saboda yawan aro.