Ɗanɗanon Kwana Talatin

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire ya san al'adar ɗanɗano: a yanko maka ɗan kaɗan, in ya yi maka ka saya. To, haka masu rubuta manhajar kwamfuta suka yi ciniki a zamanin da na'urar ta fara shiga gidaje, kuma ni na ga wannan zamani da idona a Kakau, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda na buɗe ɗan shagon buga takardu a 1995.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1982 Andrew Fluegelman da Jim Knopf suka fara raba manhajojinsu, PC-Talk da PC-File, suna cewa kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗin aiki da su ya aiko da kuɗi ta gidan waya. Da aka ga masu biya ba su da yawa, sai aka shiga kafa shinge. Wata manhajar ba ta bari ka adana aikinka, wata ba ta bari ka buga shi a takarda, wata kuwa kwana talatin take ba ka, sa'an nan ta rufe ƙofa. WinZip ta ba da kwana 21, amma ko sun wuce ba ta daina aiki, sai dai kullum ta tuna maka da bashin da ke kanka. Wasan Doom, wanda ya fito a 1993, kashi ɗaya cikin uku aka ba da kyauta, sauran biyun sai ka saya.

Matsalarmu ita ce hanyar biyan ba ta iso gare mu ba. Kuɗin WinZip a wancan zamani dala 29 ne. A lokacin gwamnati ta tsayar da dala a kan naira 22, alhali a wurin 'yan canji ta kai wajen naira 80, wato fiye da naira 2,000 ke nan. Ko kana da su, ina katin banki, ina cakin dala? Saboda haka muka koyi dabara: mu mayar da agogon kwamfuta baya, manhaja ta zaci wa'adi bai cika ba.

Nan ne na sha kunya. A 1996 aka ba ni amanar lissafin gudummawar da reshenmu ya tara don gyaran ɗakin karatu na makarantarmu. Na yi aikin da wata manhajar lissafi ta gwaji, ina ta jan agogo baya, ban lura cewa kowane rasit da na buga yana ɗauke da kwanan watan da agogon ya nuna ba. Ranar taro, wani dattijo da ya riga mu fita makaranta ya ɗaga rasit ɗinsa ya ce, "Malam Ma'aji, yaya aka yi ka karɓi kuɗina tun kafin in ba ka?" Aka yi dariya, amma ni gumi ya karyo mini. Ko kwabo bai ɓata ba, duk da haka sai da na yi mako biyu ina sake rubuta komai da hannu kafin zukata su kwanta.

Yau ɗanɗanon bai mutu ba, riga ya sauya. Manhajojin waya suna ba ka 'yan kwanaki kyauta, sa'an nan su fara cirar kuɗi daga asusunka, kuma da yake da yawansu ta intanet suke ƙirga kwanakin, jan agogo ba ya yaudarar su. Ni dai abin da na tsira da shi shi ne, wanda ya yi wa agogo ƙarya, takardunsa ne za su tona shi. Sabon ma'ajinmu, a kula.