Kamfanin Chicago da Ya Yi wa Alhazai Rumfa a Jidda

A 1936, Amurka na cikin karayar arziki, magina na zaman kashe wando, sai wasu surukai biyu, Louis Skidmore da Nathaniel Owings, suka buɗe ofishin zanen gine-gine a Chicago. John Merrill ya shigo a 1939, sunan kamfanin ya koma Skidmore, Owings & Merrill, wato SOM. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fito da su, domin su aka bai wa tsara garin Oak Ridge, inda gwamnati ta yi aikin bam ɗin nukiliya a asirce. Sai kuma Lever House a New York a 1952, bene mai bangon gilashi da ofisoshin duniya suka yi ta kwaikwayo.

Abin da ya riƙe kamfanin shi ne mai zane da injiniya a ofis ɗaya suke, tare suke fara aiki. Da haka injiniyan kamfanin, Fazlur Rahman Khan, Musulmi haifaffen Dhaka, ya samu damar nuna basirarsa. Ya gano cewa babban abokin gabar dogon bene iska ce, don haka ya mayar da ƙarfin gini zuwa bangonsa na waje. A Sears Tower, mai tsayin mita 442, ya ɗaure dogayen sassa tara wuri guda kamar damin kara, kowanne na tallafar ɗan'uwansa, ƙarfe ya ragu, kuɗi ma suka ragu. Burj Khalifa na Dubai, mita 828, da aka buɗe a 2010, shi ma zanen SOM ne.

A ganina dai, aikinsu mafi kyau ba bene ba ne. Tashar alhazai ce ta filin jirgin saman Jidda, wadda aka buɗe a 1981. Maimakon a rufe dubban mutane cikin gini a yi ta kashe kuɗi kan na'urar sanyaya ɗaki, sai aka kafa tantuna 210 na farin yadi mai kore zafin rana, gefe a buɗe, iska na ratsawa. Alhajinmu da ya taɓa shimfiɗa tabarma a can yana jiran jirgin Kano ya san inuwar, ko da bai san mai ita ba. Tashar ta ci lambar yabo ta Aga Khan a 1983, amma Fazlur Khan, injiniyan tashar, bai gani ba. Ya rasu a Jidda a 1982.