Takunkumi a Ajin Zana: Yamai, 2020

Ba korona ce annoba ta farko da ta rufe makarantun Yamai ba. A watan Afrilun 2015, da sanƙarau ya addabi birnin, hukuma ta sallami ƴan makaranta na ƴan kwanaki. A wancan karo ba a sha wahalar shawo kan jama'a ba, domin kowa ya san yadda sanƙarau ke sandarar da wuyan yaro. Iyaye da kansu suka yi ta rububin allurar rigakafi, alhali kuwa ta yi ƙaranci.

Bayan shekara biyar sai labari ya sha bamban. Ranar 17 ga Maris, 2020, Shugaba Mahamadou Issoufou ya ba da umurnin rufe makarantu daga ranar 20 ga wata, tun kafin a tabbatar da mutum na farko da ya kamu a ranar 19. A watan Afrilu aka wajabta sanya takunkumi a bainar jama'a a Yamai. Da aka koma aji ranar 1 ga Yuni, sai dokar ta bi yara har kan benci, haɗe da wanke hannu da ba da tazara.

Amma fa faɗa da baki ba wuya. Ina za a sami tazara a ajin zana mai cunkoso? Yaya yaro zai wuni da ƙyalle a hanci cikin zafin da ke gabanin damina? Magidanci mai ɗalibai da yawa a gida, teloli ne suka rufa masa asiri da takunkumin atamfa, wanda ake wankewa a sake sawa.

Babbar matsalar kuwa ita ce yarda. Rufe masallatai ya riga ya jawo tarzoma a unguwannin birnin kafin a buɗe su a watan Mayu, kuma cutar ba ta yi wa yara irin ɓarnar sanƙarau ba. Saboda haka mutane da dama suka ɗauki takunkumi a matsayin dokar gwamnati, ba kariya ba: a sa shi a bakin ƙofa, a sauke shi ƙarƙashin haɓa da zarar malam ya juya baya.

Sanƙarau ganinsa aka yi, korona kuwa jin ta aka yi, kuma gani ya kori ji. Cutar da ido bai gani ba, sai hukumar da aka amince da maganarta ke iya sa a ji tsoronta.